Yanda za ki bi sawun adon harshe a littafin Zora Neale Hurston har ki ga inda Janie ta gano kanta

Akwai littafin da na daɗe ina so mu zauna a kansa, Their Eyes Were Watching God na Zora Neale Hurston, wanda ya fito a Amurka a 1937. Kusan duk wacce na ba wa aro sai ta dawo mun da magana ɗaya, wai labarin wata mata ce da ta yi aure uku, na farko tsoho mai gona, na biyu mai kuɗi da mulki, na uku yaro ɗan caca, shikenan. In haka kika karanta shi gaskiya kin ci tuwo ba miya. Janie Crawford ba mai yawan magana ba ce, shekara kusan ashirin ta yi a gidan mijinta na biyu tana haɗiye abin da ke bakinta, dan haka in kika zauna jiran inda za ta miƙe ta ce yau na san kaina za ki daɗe kina jira. Marubuciyar a cikin hotunan magana ta ɓoye abin, bishiya, alfadari, ɗankwali, da can inda sama ta sauko ta taɓa ƙasa. Ga yanda nake bi in tono su. Da mace nake magana amma maza ku biyo mu, musamman masu rubuta jinga a makaranta.

Mataki na farko: ki shirya kunnenki da littafin rubutu

Ki fara sanin inda kike. Garin da aka yi yawancin labarin Eatonville ne a jihar Florida, gari ne na gaske wanda baƙaƙen fata suka kafa suke mulkin kansu tun 1887, kuma a nan Hurston ta tashi. Ta yi karatun al'adun al'umma a kwalejin Barnard wajen masanin fannin, Franz Boas, ta yi yawo kudancin Amurka tana tattara tatsuniyoyi da karin maganar mutanenta, shi kuma wannan littafi a Haiti ta rubuta shi cikin sati bakwai. Sanin wannan zai taimake ki, sabida mutanen cikin littafin ba sa magana a miƙe, komai sai sun nannaɗe shi da kwatance da habaici, kamar dai majalisar dattawa a ƙofar gida bayan la'asar.

Abin da ke korar mutane tun babi na biyu Turancin ne. An rubuta maganar mutane yanda suke furta ta, ba yanda ake koyarwa a aji ba. Maganinsa ɗaya, ki karanta da ƙarfi kunnenki ya ji, cikin shafi goma za ki saba. Sai ki samu littafin rubutu ki ja layi ki raba shafi gida uku: hoton da kika gani, bakin wa ya fito, sannan me Janie ta yi bayan nan. Gidan tsakiyan nan dan Allah kar ki tsallake shi, a nan duk aikin yake.

Mataki na biyu: sunayen kayan aiki

Wannan ba sai mun daɗe ba, duk wacce ta yi Hausa a sakandare ta san su daga nazarin waƙa. Kamantawa in an ce kaza kamar kaza. Siffantawa in an cire kamar ɗin an ce kaza kaza ne kai tsaye. Mutuntarwa in an ba abin da ba mutum ba halin mutum, dabbantarwa in an mayar da mutum dabba, abuntarwa in an mayar da shi kaya. Alamtarwa kuma in abu ɗaya ya yi ta dawowa har ya ɗauki ma'anar da ta fi shi girma. Ki riƙe dabbantarwa da abuntarwa da kyau, da su aka fi yi wa Janie aiki.

Mataki na uku: ki nemo mudun da take awo da shi

Babi na biyu. Janie tana shekara goma sha shida, tana kwance ƙarƙashin bishiyar fiya a bayan gidan kakarta. Ba fiyar nan tamu mai ƙwallo ɗaya a ciki ba, wata ce dangin tuffa mai farin fure. Ta ga ƙudan zuma ya shiga cikin fure, furen ya miƙo ya tarbe shi, bishiyar gaba ɗaya ta ɗauki rawar daɗi tun daga saiwa har ƙaramin reshe, sai ta ce a ranta ashe wannan shi ne aure. Ki karanta wurin sau biyu, ki lura ba wanda ya danne wani a hoton, ƙudan ya samu, furen ma ya samu. Kuma ki lura ba wani ne ya gaya mata ba, da idonta ta gani.

Daga nan bishiyar ta zama mudunta, duk namijin da ya zo da ita take auna shi, aikinki shi ne ki tsaya duk inda fure ko ƙuda ko garin fure ya sake fitowa ki rubuta. Da kaka ta kawo maganar auren Logan Killicks, mijinta na farko, mai eka sittin, littafin cewa ya yi tunaninsa kawai ya ƙazantar da bishiyar. Da Joe Starks, mijinta na biyu, ya ɓullo a babi na huɗu da kwalliyarsa ta 'yan birni, an gaya mana ƙarara cewa shi ba fitowar rana ba ne ba kuma fure ba ne, nisa yake wakilta da canji. Wannan jimlar ta isa ta gaya miki auren ba zai yi daɗi ba tun kafin a ɗaura, ita ma ta ji hakan a jikinta ta dai bi shi. Daren da aka naɗa Joe magajin gari mutane suka ce matarsa ta ɗan yi jawabi, ya karɓe ya ce matarsa ba ta san jawabi ba wurinta gida, sai aka ce abin ya kakkaɓe furen da ke kan al'amura. Kinga kalmar fure ta dawo amma yanzu zubewa yake. Sai Tea Cake, mijinta na uku, ya zo a babi na goma, ya koya mata dara, abin da Joe bai taɓa bari ta taɓa ba, a babi na sha ɗaya kuma aka ce zai iya zama ƙudan zuma ga fure. Zai iya, haka aka faɗa, ba a ce ya zama ba.

Wani abu da nake so wanda mutane ke wucewa: bishiya ba ta Janie kaɗai ba ce. Kan kakarta an kamanta shi da saiwar tsohuwar bishiya da guguwa ta tumɓuke, kakar da bakinta ta ce su baƙaƙe rassa ne marasa saiwa, sunan uwar Janie ma Leafy, daga kalmar ganye ya fito, sunan dangin Tea Cake kuma Woods, wato daji. Mata uku, bishiya ɗaya a hali uku, wacce aka tumɓuke, wacce aka tsinke, da wacce ke neman yin fure.

Mataki na huɗu: ki tambayi kowane hoto, bakin wa ka fito?

Nan ne gidan tsakiya zai fara biyan ki. Ki duba sunayen da aka laƙaba wa Janie ki ga ba ita ta zaɓa ba. Tun tana yarinya a gidan Turawan da kakarta ke wa aiki Alphabet ake ce mata dan kowa da sunan da yake kiranta, ba ta ma san baƙa ce ba sai tana wajen shekara shida da aka ɗauki hoto ta kasa gane kanta a ciki. Yarinyar da ba ta gane fuskarta ba, daga nan tafiyar ta fara.

Kaka ce ta kawo alfadari. Ta ce Bature ya jefar da kaya ya ce baƙin namiji ya ɗauka, ya ɗauka dan dole amma bai riƙe ba ya miƙa wa matarsa, dan haka baƙar mace ita ce alfadarin duniya. Ni ba na jin haushin tsohuwar nan ko kaɗan. An haife ta cikin bauta, ubangidanta ne ya yi mata cikin Leafy, ita Leafy kuma malamin makaranta ya yi mata fyaɗe tana sha bakwai, to matar da ta ga wannan in ta ce wa jikarta ki auri mai gona ki samu rufin asiri, tsoro ne ke magana da ƙauna. Ta kira kanta tsagaggen faranti ta ce a ajiye ta a hankali. Amma duba abin da ya biyo baya, Logan ɗin da aka kai ta wajensa dan kar ta zama alfadari shi ne ya tashi ya tafi Lake City neman alfadari na biyu mai sanyin hali wanda mace ma za ta iya huɗa da shi. Siffantawar kaka ta fito daga baki ta zama dabba mai ƙafa huɗu a tsakar gida. Ba a jima ba Janie ta kwance ƙyallen girkin da ke ɗaure a ƙugunta ta wurga kan wani ɗan kurmi a bakin hanya ta wuce.

Joe shi kuma abuntarwa ya zo da ita. Ranar farko ya kira ta 'yar tsana wacce aka yi dan ta zauna a baranda tana fifita, a Eatonville ya ɗauke ta saniyar da ake rataya wa ƙararrawa ta ja garke, daga baya ya ce dole wani ya yi wa mata da yara da kaji da shanu tunani. Ki jera su a littafinki ki ga, ba ɗaya a ciki da ke magana. Sai babi na shida, mafi tsawo a littafin, ya kawo ramammen alfadarin Matt Bonner wanda 'yan majalisar ƙofar shago suka mayar abin dariya. Ran da suka taru suna tsokanarsa Janie ce kaɗai ta ji zafi ta yi gunaguni, Joe ya ji ta ya saye shi dala biyar ya sake shi, gari ya yi ta yabonsa, amma da alfadarin ya mutu aka ja shi bayan gari ana shagali ita aka hana ta zuwa wai matar magajin gari ba ta shiga wannan. Ki tsaya nan ki yi tunani da kyau, ya 'yanta alfadarin da idon jama'a ke kai, wacce ke gidansa kuma ya ƙara ɗaure ta.

Mataki na biyar: ki raba ciki da waje

Har yanzu babi na shida. Shekara bakwai da aure, girki ya lalace, Joe ya mare ta. Abin da littafin ya yi a nan shi ne ya sa nake girmama Hurston, bai ce ta yi kuka ba bai ce ta yi fushi ba, cewa ya yi ta tsaya har sai da wani abu ya faɗo daga kan kantar jera kaya a cikin ranta, ta shiga ciki ta duba, ashe siffar Jody ce, wato Joe, da ta ajiye ta faɗo ta tarwatse. An mayar da zuciyarta ɗaki mai kanta da kaya, ita kuma mai ɗakin. Daga nan aka ce ta gane tana da ciki tana da waje kuma ta san yanda ba za ta bari su cakuɗe ba. A ganina nan ne ainihin farkon gano kanta, ba zuwan Tea Cake ba kamar yanda da yawa ke rubutawa. Mari ne ya buɗe ƙofar, namijin kirki bai ma iso ba tukuna.

Ki bi wannan zaren. Babi na bakwai an ce ta zama kamar kwarin da taya ta haƙa a hanya, akwai rai a ƙasa amma kullum ana bi ta kai. Wata rana ta zauna tana kallon inuwarta tana aikin shago tana rusuna wa Joe, alhali ita kanta tana can ƙarƙashin bishiya iska na kaɗa gashinta. Ran jana'izarsa ta sa wa fuskarta sitaci ta goge ta kamar riga, ta aiki fuskar ta je maƙabarta ita kuma ta tafi yawonta. Ki ajiye wannan ki haɗa da jana'izar Tea Cake a Palm Beach a babi na sha tara, inda ta je da kayan aikin gona a jikinta dan baƙin cikin ya fi ƙarfin ta tsaya yi masa shiga. Jana'iza biyu, a ta farko ciki da waje sun rabu, a ta biyu sun zama abu ɗaya. In jinga za ki rubuta wannan kaɗai ya ishe ki shafi biyu.

Maganar ɗankwali sai na yi taka tsantsan, sabida mu nan ɗaura ɗankwali mutunci ne da addini da kwalliya, kar ki ɗauko ma'anarmu ki ɗora musu ko ki ɗauko tasu ki ɗora mana. A littafin kishi ne zalla, Joe ya hango wani mai suna Walter yana shafa jelar gashinta a shago ba ta sani ba, bai gaya mata dalili ba ya dai ba da umarni ta ɗaure kai. Da ya mutu ta je gaban madubi ta tuge shi ta saki gashin ta kalli kanta, sannan, ki lura da wannan, ta sake ɗaurewa kafin ta buɗe taga ta sanar da mutane. Sai bayan an binne shi ta ƙone su duka. Yarinyar da ta kasa gane kanta a hoto ce yanzu take tsaye gaban madubi.

Mataki na shida: ki auna girman magamar sama da ƙasa

Wannan hoton guda huɗu kawai za ki haɗa. Shafin farko, jiragen ruwa can nesa ɗauke da burin maza. Babi na huɗu, Joe ya zo da alkawarin nisa. Babi na tara, Janie ta zauna ita kaɗai ta yarda a ranta cewa ta tsani kakarta, dan ta ɗauki abu mafi girma da Allah ya yi, can inda sama ta haɗu da ƙasa, ta matse shi ya zama ɗan ƙanƙani ta ɗaura mata a wuya har yana shaƙe ta. Sai shafin ƙarshe, inda ta jawo shi kamar babban taru daga ƙugun duniya ta yafa a kafaɗa, ta kira ranta ya zo ya ga abin da ya kama. Daga wuya zuwa kafaɗa, daga wani ya ɗaura miki zuwa ke kika yafa. Ki rubuta wa ke riƙe da shi a kowane wuri.

Mataki na bakwai: kar kyan magana ya rufe miki ido

Zaman gonakin wake na Everglades, yankin fadama a kudancin Florida, da ta yi da Tea Cake yana da daɗin karantawa, nan Janie ta fara ba da labari a majalisa da bakinta, ta koyi harbi har ta fi shi. Amma mutumin nan ya ɗauke mata dala ɗari biyu a Jacksonville ya yi shagali ba ita, a babi na sha bakwai kuma ya doke ta dan ya nuna wa mutane tasa ce, abokansa har suna yaba masa. Abin da ke damuna har yau, a wurin ba a shigar da mu cikin ran Janie ba, ba kantar nan ba abin da ya faɗo, shiru. Ki rubuta shirun shi ma. Haka a kotu bayan ta harbe shi dan kare ranta, lokacin da ciwon haukan kare ya juya masa ƙwaƙwalwa, ba mu ji kalamanta kai tsaye ba mai ba da labari ne ya taƙaita mana, kuma masana sun daɗe suna jayayya ko wannan rauni ne ko ta kai matsayin da ita ke zaɓar wanda za ta ba labarinta. Ni na fi karkata ga na biyu, tunda ƙawarta Pheoby ta zaɓa ta ba labarin, har ta ce harshenta na cikin bakin ƙawarta, amma dukan nan ban samu abin da zai wanke shi ba.

Guguwar babi na sha takwas an gina ta kan ta gaske, wacce ta fasa tafkin Okeechobee a Satumbar 1928 ta kashe aƙalla mutum 2,500 a Florida, yawancinsu baƙaƙe 'yan ƙwadagon gona. An mayar da tafkin dodo mai juyi a gadonsa. Halittar da ta ba ta fure tana sha shida ita ce ta taso da ruwa da mahaukacin kare, ki sa su gefe da gefe.

Mataki na takwas: rubutawa

Kar ki yi jerin nan na wannan kamantawa ce wannan siffantawa ce ki wuce, malami ya gaji da gani. Hoto ɗaya za ki kama ki bi shi wuri uku ki nuna me ya canja. Misali ki ce: a babi na biyu kaka ce ke fassara wa Janie duniya da alfadari, a babi na shida Janie ta gane kanta a jikin dabbar amma gunaguni kawai ta iya, a babi na ashirin ita ce ke ƙera nata kwatancen, ta gaya wa Pheoby so ba dutsen wasa wuƙa ba ne da yake iri ɗaya ko'ina, kamar teku yake, yana motsi, kuma kowace gaɓa ya tarar siffarta yake ɗauka. Kinga kin nuna girmanta ba tare da kin ce ta girma ba. In kina son ki ƙara nauyi ki ambaci cewa marubuci Richard Wright ya soki littafin a 1937 yana ganin ba shi da saƙo, Hurston ta rasu a 1960 cikin talauci aka binne ta a Fort Pierce ba ko alama a kabarin, sai a 1973 marubuciya Alice Walker ta je ta nemi wurin ta kafa dutse.

Mataki na ƙarshe: ki koma shafin farko

Da kin rufe babi na ashirin kar ki ajiye littafin, ki juya baya ki sake karanta shafi biyu na farko, dan labarin duka a zama ɗaya Janie ta ba Pheoby shi, a matakalar bayan gida, Pheoby ta kawo mata kwanon shinkafa. Yanzu za ki ga abin da ya wuce ki da farko. Matar da ke shigowa gari da yamma cikin kayan gona masu taɓo, gashinta a sake yake yana lilo har ƙugu. Mutanen da ke zaune a baranda suna yanka ta da baki kuma, ki duba yanda aka siffanta su, an ce wuni suka yi ba harshe ba kunne ba ido a wajen aikin wasu, alfadarai da dabbobi ne suka sanye fatunsu har rana ta faɗi. Alfadarin yana nan tun shafin farko, a jikin masu gulmar yake. Ita kuma ta gaishe su ta wuce kai tsaye zuwa ƙofar gidanta, daga duk kayan Everglades ƙunshin irin shuka ɗaya kawai ta riƙo, wanda Tea Cake ya saya bai samu shukawa ba.